Garin da Ake Ƙirga Mutum da Lamba

Tun da na dawo daga Kurmi, wato kudancin ƙasar nan, ban huta da tambaya ba. A ofishin malamai na makarantarmu ta Lamashegu a Tamale, a bakin famfo, har a gidan suna: "Malama Rabi, yaya garin zinariya? Da gaske ne tsintarta ake yi a hanya bayan ruwan sama?" In ce musu lafiya lau, su ce ina yi musu rowar labari. To ga shi na zauna zan rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda. Sunan garin ne kawai ba zan faɗa ba, kuma na ɗan sauya sunayen mutane. 'Yan zangon garin "Rami" suke ce masa, ni ma haka zan kira shi.

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba. A shekarar da ta biyo bayan babbar yunwa, daidai lokacin da gwamnati ke ƙidayar jama'a, wasiƙa ta iso gidanmu a Moshi Zongo daga kamfanin haƙar zinariya. Ni kaɗai ce mai karanta Turanci a gidan, don haka ni aka miƙa wa. Layi uku ne kacal: ma'aikacinsu Salifu Dagomba ya rasu a cikin rami, dutse ya rufto, an binne shi. Salifu ƙanena ne. Mu ba Dagombawa ba ne, fataucin goro ne ya kawo kakanmu daga ƙasar Hausa, amma akawun kamfani duk wanda ya ce daga Tamale yake, Dagomba yake rubuta masa.

Matarsa Fati ta shiga takaba. Mahaifiyarmu kuwa, wadda muke kira Mma, ta ce ba za a yi sadaka ba sai wani na jikinta ya je ya ga kabarin da idonsa. Daga nan ta daina cin abinci. Maƙwabciyarmu Mma Ayishetu ce kaɗai ke iya lallashinta ta kurɓi koko, kullum tun safe tana gefen tabarmarta. Ɗanta tilo, Isaka, abokin Salifu ne tun suna yara, tare suka tafi Rami neman aiki.

Ran da zan tashi, Mma Ayishetu ta biyo ni har ƙofar gida da wani ɗan ƙulli a tsohon ɗankwali. "Daddawa ce," in ji ta. "Ki ba Isaka. Ba ya iya cin miyar Kurmi, yaron nan. Ki ce masa ko ba zai aiko da komai ba, ya aiko da gaisuwa." Ta ɗaure bakin ƙullin sau uku, irin ɗaurin da take wa komai, na sa shi a ƙasan jaka.

Kwana biyu na yi ina zuwa tasha ina komawa, don lorin da ke da taya ba shi da mai, wanda ke da mai ba shi da taya. A na uku na samu gurbi a bayan wani lori mai zuwa bakin kogi ta Salaga. Kusa da ni wata Batoniya ce, wato 'yar Kurmi, mai fataucin doya, Maame Akosua, mace mai jiki wadda ta zauna a kan rabin cinyata har muka isa ba ta ce sannu ba. Na ƙi jininta tun daga Tamale. Ashe ita za ta fitar da ni.

A shingen bincike na uku masu bindiga suka ce kowa ya sauko ya buɗe kayansa. A lokacin, mace ta riƙo hatsi ya wuce na baki, sai a ce kalabule take yi, wato ɓoye kaya don tsauwala farashi, kuma kowa ya san abin da ake yi wa mata a kan wannan kalma. Ni kuwa ina ɗauke da mudu uku na gero da na yi niyyar sadaka a bakin kabari. Wani saurayi mai jajayen idanu ya zazzage jakata a ƙasa, ya dafa geron da bakin bindiga, ya ce in koma gefe in durƙusa. Sai na ji Maame Akosua, wadda ta ji ina ba wata fasinja labarin wasiƙar, a kunnena, da Hausarta da ba ta san mace ba ta san namiji ba: "Kai malama, ka nuna shi takarda. Takardan mutuwa. Maza!"

Na miƙa wasiƙar. Ya karanta yana motsa leɓe, ya dube ni, ya ce in tashi. Geron dai ya tafi. Da ya ɗaga ƙullin Mma Ayishetu ya kai hanci, sai ya yi baya yana tofar da yawu, ya jefo mini shi kamar ya taɓa mushe. Ban taɓa gode wa Allah a kan warin daddawa ba sai ranar.

Mu a Tamale, kogin nan shi ne iyakarmu da Kurmi, ko da ba a buga wa kowa hatimi. Wuni guda muka yi a gaɓa muna jiran jirgin fito, ana cewa injinsa ake gyarawa. Da muka shiga ruwa na ga kawunan matattun itatuwa sun leƙo daga ciki, na rufe ido ina salati har muka taka ƙasa. Daga can harshe ya juya. Mai sayar da dokunu, tuwon masararsu da ake naɗewa a ganye, ta dubi mayafina ta kira ni da sunan da suke kiran duk ɗan Arewa, na gane na zama baƙuwa a ƙasata. Na kwana ɗaya a Kumasi wurin gwaggona, da safe na shiga wata ƙaramar mota. Hanya duk gonakin koko ne da gobarar bara ta cinye, baƙaƙen kututture tsaye, sabon ganye yana ƙoƙarin fitowa a gindinsu.

Rami yana zaune ne tsakanin tuddai biyu, kamar tsaba a gindin ƙwarya, kuma hanya ɗaya ce ke shiga, ita ce ke fita. A kan tudun gabas gidajen manyan kamfani suke, da ciyawa a share da tankin ruwa. Ƙasa da su dogayen ɗakunan ma'aikata ne a jere, kowace ƙofa da lambarta. 'Yan ƙasa suna tsohon gari kusa da cocinsu. Zango kuwa yana can ƙasan ƙasa, inda duk ruwan da ya wanke na sama yake gangarowa. Akwai rafi, amma launinsa na kunun tsamiya ne, ko akuya ba ta sa baki. Akwai kuma tudu na uku, fari fat, wanda ko ciyawa ɗaya ba ta tsiro a kansa. Na tambaya aka ce ba halittar Allah ba ne, dutsen da aka niƙa aka cire zinariya ne ake zubarwa tun zamanin kakanni.

A tsakiyar komai wata hasumiyar ƙarfe ce mai ƙatuwar taya a ka, ita ke saukar da kejin da ke kai mutane ƙasa. In jiniya ta yi kuka, titi ya cika da maza masu hular kwano, wasu na fitowa wasu na shiga. Ina tsaye a tasha ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin ƙafata, kofunan mai shayi suka yi ƙara, na yi tsalle ina kiran sunan Allah. Ba wanda ya ko ɗaga kai. Nakiya ce aka fasa a can ƙasa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mutanen. Maza ko'ina, mata ƙalilan, tsofaffi kuwa sai ka nema. A Moshi Zongo kowane lungu akwai tsoho a kan buzu yana jan carbi, amma a Rami ba a zama har a tsufa. Ƙabilu iri-iri, Dagati, Farafara, Moshi, Zabarmawa, Kotokoli, Hausawa, duk Hausa ce ke haɗa su. Ɗaki ɗaya mutum shida, uku na barci uku na ƙasa, tabarma ba ta taɓa yin sanyi.

A nan halin malanta ya ja mini. Ina da ɗan littafi da nake rubuta garuruwan da muka wuce, don in koya wa ɗalibaina. Na zauna wurin mai shayin nan, na gyara tabarau, na zaro biro, na ce, "Malam, wai mutum nawa ne a garin nan?"

Ya dubi littafin, ya dubi biron. Ya ɗauke kofin da ya riga ya ajiye mini, ya ce ruwan zafi ya ƙare.

Kafin in kai bakin zango labari ya riga ni: mai ƙidaya ta zo, mace ce, tana jin Hausa. Manya a cikinsu ba su manta da shekarar da aka kori baƙi daga ƙasar nan ba, kuma a wurinsu duk wanda ya rubuta sunanka yau, gobe lori zai turo maka. Ina sallama ana tura ƙyaure. Wanda ya daure ya tsaya, in ce ina neman wanda ya san Salifu Dagomba, sai ya ce, "Wanne? Dogon ko gajeren? Ko mai tari?" In ce wanda ya rasu, sai fuskarsa ta rufe, ya ce shi baƙo ne. Wasu majiya ƙarfi uku suka riƙa bina a baya, ba su matso ba, ba su kuma tafi ba.

Ƙarshe wata mai tuwo ta kira ni da hannu. Ita ce Magajiya Lariba, shugabar matan zango, baƙa, doguwa, da tsagar Zabarmawa a kumatu. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta miƙo hannu ta karɓe littafin da biron, ta jefa a cikin wata tukunya ta rufe.

"Nan ba a rubutu," in ji ta. "In kwana kike so, akwai tabarma. In rubutu kike so, mota na tashi da la'asar."

Na ce kwana nake so. Ta zubo mini sakwarar rogo da miyar kwakwar manja, ta zauna tana kallona ina fama, don su haɗiye suke yi ba a tauna, ni kuwa maƙogwarona ya ƙi. Na ba ta labarina duka, na nuna mata wasiƙa. Ta saurara har ƙarshe, amma ko Allah ya jiƙansa ba ta ce ba. Na ji haushinta ƙwarai.

Washegari na hau tudu zuwa ofishin kamfani. Akawun mutumin kirki ne, ya ba ni kujera. Ya nuna mini wani ƙaton allo mai ƙusoshi, kowace ƙusa da ɗan faifan tagulla mai lamba. Duk mai sauka zai ɗauki nasa, in ya fito ya mayar. Ƙusar da ta kwana ba faifai, mai ita yana ƙasa.

Na ce, "Kai ka ga fuskarsa?"

Ya ce, "Madam, mutum ɗari nawa ke wucewa nan, duk da hula, duk da laka. Mu ba ma ƙirga fuska, lamba muke ƙirgawa." Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko faifan da aka samu a wuyan mamacin, ya lanƙwashe a gefe. Ya duba littafinsa ya nuna mini sunan da ke gaban lambar. Sunan ƙanena ne. A nan na yi kukan da ban yi a Tamale ba.

Da hantsi Magajiya ta raka ni wurin limamin zango, wani siririn mutum mai tari, muka tafi maƙabarta a bayan farin tudun nan. Ya nuna mini kabari, jar ƙasarsa ba ta gama kwanciya ba. Na durƙusa na ɗaga hannu na ce, "Allah ka jiƙan Salifu."

Liman bai ce amin ba.

Na ɗauka bai ji ba, na ɗaga murya: "Allah ka gafarta wa Salifu, ka sa ya huta."

Liman ya yi tari, ya ce, "Allah ya jiƙan wanda ke kwance a nan."

Raina ya ɓaci. Na miƙe na ce, "Malam, wane irin gari ne wannan? Na yi kwana huɗu a hanya, an ƙwace mini geron sadaka, an rufe mini ƙofa kamar mai kuturta, yanzu ko amin ba za ka ce wa ƙanena ba? To ku kai ni wurin abokinsa Isaka, ina da saƙon uwarsa, in ba shi in bar muku garinku."

Liman ya dubi Magajiya. Magajiya ta dubi ƙasa. Can ta ɗago ta ce, "In da gaske ke yayarsa ce, me tsohuwa take kiransa a gida?"

Na ce, "Tanko. Mu uku mata muka riga shi."

Sai ta ce in biyo ta. Muka ratsa zango ta lungunan da ban bi jiya ba, majiya ƙarfin nan uku suna biye, har bayan gidan wani mai gawayi. Wani mutum yana zaune a kan turmi ya ba mu baya, yana faskare, ƙafarsa ta hagu a naɗe da tsumma. Magajiya ta ce, "Ga Isaka nan."

Ni na goyi Salifu har bayana ya yi kanta. Ƙeyar nan ko a cikin mutum dubu na san ta. Na ce, "Salifu?" Gatarin ya tsaya, amma bai juyo ba. Na ce, "Tanko."

Ya juyo. Ban san lokacin da na kai masa mari ba, ban kuma san lokacin da na rungume shi ba. Ya rame, gemu ya cika masa fuska, yana ta cewa, "Yaya, yi haƙuri. Yaya, rage murya." Ina dariya ina kuka ina zaginsa, ina cewa Mma ta kusa bin ka lahira alhali kana nan kana faskare. Sai da numfashina ya dawo na tuna da abin da Magajiya ta kira shi. Na sake shi.

Na ce, "Ina Isaka?"

Ya ɗaga haɓa wajen farin tudun.

A hankali ya faɗa mini. Isaka bai taɓa samun aiki a kamfani ba, don sun daina ɗauka tun kafin su iso, dako yake yi a kasuwa. Da ƙarfe ya faɗo wa Salifu a ƙafa, ya san in ya yi kwanaki bai sauka ba za a ba wani gurbinsa. A Rami akwai abin da suke kira hawan lamba: ɗan'uwanka ya rataya faifanka ya sauka a madadinka har ka warke. Helma, wato shugaban leburori, ya sani, kowa a zango ya sani, akawu ne kawai bai sani ba. Kwana tara Isaka yana sauka da lambar Salifu. A na goma dutse ya rufto.

"Liman da sunansa na gaskiya ya yi masa salla," in ji shi. "Amma in kamfani ya ji, helma zai tafi, duk wanda ya taɓa hawan lamba zai tafi, ni kuma hannun soja za a miƙa ni. Rabin zangon nan haka ake ci da shi, Yaya. Da masu ƙidaya suka zo makon jiya, suka ce sunana, na ce Isaka. A takardar kamfani na mutu, a ta gwamnati ni ne shi."

Na ce, "Ka kasa aiko da ko mutum ɗaya ya faɗa wa Mma?"

Ya ce, "In na aika a ce ina da rai, tambaya ta biyu fa? Gidanmu da nasu katanga ɗaya ce. Wa zan aika ya faɗa wa Mma Ayishetu ni na rataya masa lambar da hannuna?"

Na zaro ƙullin daddawar na miƙa masa, don ban san abin da zan yi da shi ba. Ya ja hannunsa baya kamar wuta. "Ba nawa ba ne," in ji shi. Ya cire hular da Fati ta saƙa masa ya ba ni, ya ce in kai wa Mma shaida, shi sai ƙafa ta warke, ido ya ɗauke daga kansa.

Da zan shiga mota Magajiya ta buɗe tukunya ta mayar mini da littafina yana warin manja. Ta ce, "To malama, ga biro. Rubuta yawan mutanen Rami in kin iya." Har yau shafin nan fari ne.

Kwana uku na yi a hanyar dawowa, ban san shinge nawa muka wuce ba. Ina ta jera magana a raina: zan fara kiran Mma Ayishetu gefe, zan nemo limamin unguwa, zan faɗi nata kafin namu. Na shirya komai tsaf.

Na shiga gida bayan la'asar. Mma tana kwance ta zama ƙashi da fata, Fati na rakuɓe da kayan takaba, Mma Ayishetu na riƙe da ludayin koko tana lallashi. Mma ta ɗago ta dube ni, duk shirina ya watse. Na fito da hular na ce, "Mma, Tanko yana da rai. Na gan shi, na taɓa shi."

Mma Ayishetu ce ta fara rangaɗa guɗa. Ta yar da ludayin, ta rungume Mma, ta jawo Fati ta fizge mata mayafin takaba, tana rawa da tsofaffin ƙafafunta tana cewa, "Ban faɗa miki ba? Ban ce Allah ba zai yi mana haka ba?" Mata suka fara shigowa daga maƙwabta. Sai ta juyo gare ni tana haki, fuskarta duk hawaye da dariya.

"Rabi, nawa fa? Ya yi ƙiba? Kin ba shi?"

Na durƙusa a gabanta na buɗe jaka. Ta ga ɗankwalinta, ta ga ɗaurinta guda uku yadda ta yi su, ba wanda ya kwance. Dariyar ba ta gama barin fuskarta ba ta ce, "Ba ki same shi ba?"

Na ce, "Na same shi, Mma. Zauna."